Kafin a danƙa wa attajiri Ajaokuta, a ji yadda Tata ya kafa tasa masana'antar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in sa baki a maganar ƙarafa. Ni tsohon malamin aikin ƙarfe ne a makarantar koyon sana'a, kuma tun da na yi ritaya nake zaune a rumfar sayar da rodi a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Duk sa'ad da farashin rodi ya tashi, zancen da ake yi a rumfunanmu ɗaya ne: a nemo wani hamshaƙin attajiri a danƙa masa masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta da ke jihar Kogi, shekara biyu ta ishe shi ya tashe ta. Masu ɗan karatu a cikinmu sai su kafa hujja da Indiya, su ce ai mutum ɗaya ne, Tata, ya kafa wa ƙasar masana'antar ƙarfe da kuɗin aljihunsa. Suna dai sun faɗe shi daidai. Sauran labarin kuwa an yanke shi, kuma wurin da aka yanke shi ne wurin da ya fi shafarmu.

Na fara jin labarin ne a shekarun 1970, lokacin da makarantun Arewa ke cike da malamai 'yan Indiya da Pakistan. Wanda ya koya mana zanen injiniya haifaffen Jamshedpur ne, mahaifinsa a gindin tanderun kamfanin Tata ya yi aiki har ya tsufa. In ya ga mun gaji da zane sai ya ɗauko mana tarihin garinsu. Daga baya na bi littattafai na ƙara a kan abin da ya faɗa mana, kuma da na zama malami na riƙa gaya wa ɗalibaina.

Jamsetji Nusserwanji Tata an haife shi a shekarar 1839 a garin Navsari da ke Gujarat, a gidan limaman Farisawa mabiya addinin Zaradashti. Mahaifinsa ne ya fara barin limanci ya shiga fatauci a Bombay. Dole a faɗi gaskiya game da asalin dukiyar: gidansu ya yi cinikin auduga, ya kuma yi cinikin ofiyom, wani kayan maye, zuwa ƙasar Sin kamar yawancin manyan fataken Bombay na zamanin, sannan sun samu kwangilar kai wa sojojin Birtaniya kaya a yaƙin da suka kai Habasha a 1868. A wannan shekarar Jamsetji ya buɗe nasa kamfanin da jarin rupi 21,000. Masaƙa ce ta ɗaga shi. Ya gina Empress Mills a Nagpur, aka buɗe ta ranar 1 ga Janairun 1877. Mutanen Bombay sun yi mamakin wanda ya bar birnin masaƙu ya tafi can ciki, amma shi ya duba ya ga a nan audugar take, ga kwal kusa, ga jirgin ƙasa. Wannan halin nasa na bin kaya inda suke shi ne ya sake fitowa a maganar ƙarfe.

A 1882 ya ci karo da rahoton wani masanin duwatsu Bajamushe, Ritter von Schwartz, wanda ya ce akwai tama mai kyau a gundumar Chanda, ba nisa sosai da Nagpur. Jamsetji yana da kuɗi, yana da suna, yana kuma da burin. Duk da haka bai sa an fara gini ba. Ya sa aka gwada kwal ɗin da ke kusa, na Warora, aka tarar bai dace da narka tama ba. Ga shi dokokin haƙar ma'adinai na Turawan mulki sun ɗaure ɗan kasuwa tamau. Sai ya ajiye maganar, ya ci gaba da tara duk wani rubutu da ya shafi ma'adinan Indiya, har shekara 17.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya, domin wanda bai san yadda babban tanderu yake aiki ba zai ɗauka tsoro ne ya hana shi. Tanderun narka tama abu uku yake ci ta sama: tama, da kwal da aka gasa har ya zama gawayi mai tauri, da dutsen farar ƙasa wanda ke janye dattin da ke cikin tamar. Ta ƙasa kuma ana hura masa iska mai tsananin zafi. Ba kowane kwal ne yake gasuwa ya yi wannan taurin ba. Mai laushi murƙushewa yake yi a ƙarƙashin nauyin tama, ya toshe hanyar iska, aiki ya tsaya. Kuma in an kunna tanderu ba a kashe shi sai bayan shekaru, dare da rana, ranar salla da ranar aiki. In kaya suka yanke ya huce da narkakken ƙarfe a cikinsa, gyaransa na iya cin watanni da maƙudan kuɗi. Kowane tan ɗaya na ƙarfe yana buƙatar fiye da tan biyu na waɗannan kaya, ga ruwa mai yawa na sanyaya jikin tanderun. Saboda haka wanda zai kafa irin wannan masana'anta tilas ya tabbata tama da kwal da dutse da ruwa za su riƙa isowa kullum babu fashi. Kakanninmu ma sun san haka gwargwadon nasu aikin: Abagayawa da ake cewa su ne farkon mazauna Kano, neman tama ne ya kawo su gindin Dala suka kafa maƙera.

Sai a 1899, zamanin Lord Curzon, wakilin sarautar Ingila mai mulkin Indiya, aka sassauta dokar ma'adinai. Jamsetji yana da shekara 60, lafiya ta fara ja baya, amma ya tashi. Ya je Landan ya ga Lord George Hamilton, sakataren harkokin Indiya, ya samu alkawarin goyon baya. A 1902 ya haye Amurka, ya zaga garuruwan ƙarfe yana kallo yana tambaya, har ya isa Pittsburgh wurin injiniya Julian Kennedy. Kennedy ya ce masa kada ya kashe ko kwabo a kan gini sai an binciki kayan da wurin sosai, ya tura shi wurin Charles Page Perin a New York. Perin ya fara aiko abokin aikinsa C. M. Weld, daga baya shi ma ya biyo.

A bazarar 1903 Weld da Dorabji Tata, babban ɗan Jamsetji, suka shiga dajin Chanda a keken shanu da ƙafa, cikin zafi da ƙarancin ruwan sha. Abin da suka gano bai yi musu daɗi ba: tamar ba ta kai yawan da ake buƙata ba, kwal ɗin kuma yana nan yadda aka san shi. Suka haƙura da Chanda bayan duk wahalar da kuɗin da aka kashe. Dorabji ya je Nagpur don ya mayar wa hukuma lasisin, yana jiran jami'in sai ya shiga gidan adana kayan tarihi, ya ga wata taswira da aka yi wa alamar tama a gundumar Durg. Suka je suka hau duwatsun Dhalli da Rajhara, suka tarar da tama irin wadda ake mafarki, kusan kashi biyu cikin uku zallar ƙarfe. Wannan ma suka bar ta, domin kwal ya yi nisa, ruwan da za a dogara da shi kuma babu. Ni a wurina wannan shi ne babban abin da ya kamata a riƙe daga tarihin gidan Tata: sau biyu suna tsaye a kan tama, sau biyu suna juya baya saboda lissafi bai cika ba.

Wanda ya warware musu matsalar ɗan ƙasa ne. Pramatha Nath Bose, masanin duwatsu ɗan Bengal, wanda shi ne ma tun farko ya rubuta rahoton tamar Durg, ya bar aikin gwamnati ya koma yi wa Sarkin Mayurbhanj aiki. A Fabrairun 1904 ya rubuto wa gidan Tata cewa akwai tama a duwatsun Gorumahisani, mai kyau, a sarari, kuma ba nisa da kwal ɗin Jharia wanda yake gasuwa yadda ake so. Wata uku bayan wannan wasiƙa, ranar 19 ga Mayun 1904, Jamsetji ya rasu a Bad Nauheim ta ƙasar Jamus. Bai ga filin da aka gina masana'antar ba, balle ƙarfenta. Filin sai a ƙarshen 1907 aka same shi, a wani ƙauye mai suna Sakchi, inda kogin Subarnarekha da na Kharkai suka haɗu, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kalimati a kan layin da ya nufi Kalkata. Tama ta gefe ɗaya, kwal ta ɗaya gefen, ruwa a ƙofa, kasuwa da tashar jiragen ruwa a ƙarshen layin dogo.

To, sai maganar kuɗi, wadda abokaina na kasuwa suka fi kuskurewa. Dukiyar gidan Tata ba ta isa ta gina masana'antar ba. Dorabji ya je Landan neman jari, masu kuɗin can suka yi ta ja masa rai, wasu kuma suka nemi iko da kamfanin fiye da abin da za su zuba. Ya dawo gida hannu rabbana. A lokacin Indiya na cikin zafin gwagwarmayar Swadeshi, wadda ta biyo bayan raba Bengal a 1905, mutane na ƙaurace wa kayan Ingila suna neman na gida. Aka yi wa kamfanin rajista ranar 26 ga Agustan 1907 da sunan Tata Iron and Steel Company, aka buɗe sayar da hannun jari a Bombay. Cikin mako uku mutum wajen 8,000 suka haɗa fam 1,630,000, dukkansu 'yan Indiya, daga sarakuna har masu ƙananan kantuna. Da aka buƙaci kuɗin gudanarwa, Sarkin Gwalior shi kaɗai ya ba da bashin fam 400,000. Mutanen nan sun saki kuɗinsu ne saboda sun shekara 30 suna ganin masaƙun gidan Tata na biyan riba, ba su taɓa jin an ci amanar mai hannun jari ba.

Gwamnati ma da hannunta, ko da yake ta Turawa ce. An shimfiɗa reshen dogo daga Gorumahisani zuwa Kalimati, an rage wa kamfanin kuɗin dakon kaya, kuma gwamnati ta ɗauki alkawarin sayen tan 20,000 na ƙarfen dogo kowace shekara har shekara goma, muddin ya kai ingancin na Ingila. Akwai manyan da suka raina abin. Labari ya shahara cewa shugaban hukumar jiragen ƙasa, Sir Frederick Upcott, ya ce zai cinye duk ƙarfen dogon da Tata ya iya ƙerawa bisa ma'aunin Birtaniya. An kunna tanderu a ƙarshen 1911, aka fitar da ƙarfen farko a Fabrairun 1912, shekara 30 cif bayan rahoton da Jamsetji ya karanta. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, jiragen ruwa suka kasa kawo ƙarfe daga Turai, kamfanin ya ba da ƙarfen dogo na mil 1,500 da aka shimfiɗa a fagagen yaƙi na Iraƙi da Masar da Gabashin Afirka. A 1919 Lord Chelmsford, mai mulkin Indiya a lokacin, ya zo da kansa ya sauya wa Sakchi suna zuwa Jamshedpur, tashar Kalimati kuma ta zama Tatanagar.

Wahala mafi girma bayan nan ta zo. Kamfanin ya ci bashi ya faɗaɗa aiki, sai farashi ya faɗi, ƙarfe mai araha daga Beljiyam da Jamus ya cika kasuwa, girgizar ƙasar 1923 kuma ta durƙusar da Japan wadda ke sayen ɗanyen ƙarfensu. A 1924 aka wayi gari babu kuɗin albashi. Dorabji ya jinginar da dukiyarsa kakaf, har da lu'ulu'un da ake kira Jubilee na matarsa Meherbai, ya karɓo bashin rupi miliyan 10 daga Imperial Bank. A shekarar ce kuma majalisa ta kafa dokar kare ƙarfen gida ta hanyar ɗora haraji a kan na waje. Da ɗayan biyun nan ya rasa, da yau ba ma wannan zance. Ina so masu cewa a ba attajiri su tambayi kansu ko wanda suke da shi a zuci zai jinginar da gidansa da gwal ɗin iyalinsa don a biya leburori, ko kuwa zai kwance injina ya sayar ya kama gabansa.

Abin da ya fi taɓa ni a matsayina na malami shi ne maganar hannu. Da aka fara aiki, Jamusawa da Amurkawa da Ingilawa ne ke riƙe da tanderu da injinan mulmula, ana biyansu albashi mai tsada. A 1921 kamfanin ya buɗe makarantar fasaha a Jamshedpur, yana ɗaukar samari yana koya musu ilimin ƙarfe da niyyar su gaji baƙin. A 1938 ɗan Indiya, Jehangir Ghandy, ya zama babban manaja. Ƙarfen da aka gina gadar Howrah ta Kalkata da shi, wadda aka buɗe a 1943, mafi yawansa daga Jamshedpur ya fito. Kamfanin ya fara aikin awa takwas a rana tun 1912, asibiti kyauta a 1915, hutu da albashi da asusun ajiyar ma'aikata a 1920, tun doka ba ta tilasta ba. Jamsetji kansa ya bar wa ɗansa wasiyya a rubuce cewa garin da za a gina a yi masa tituna masu faɗi da itatuwan inuwa, a bar filayen wasa, a keɓe wuraren ibada na Hindu da masallatai da coci-coci.

Ban ce waliyyai ba ne. Ma'aikatan Jamshedpur sun yi yajin aiki a 1920 da 1922 da 1928 saboda ƙarancin albashi da fifikon da ake ba Turawa, kuma a na 1920 an buɗe musu wuta, wasu suka mutu. Malaminmu in ya zo nan muryarsa sauyawa take yi. A Janairun 2006 'yan sanda sun harbe mutanen ƙauye fiye da goma a Kalinganagar ta jihar Odisha, suna zanga-zangar ƙin ba da gonakinsu don sabuwar masana'antar kamfanin. Sayen kamfanin Corus na Turai da suka yi a 2007 kan kusan dala biliyan 12 ya zame musu kaya mai nauyi, har a 2024 suka kashe manyan tanderun Port Talbot a Birtaniya, dubban mutane suka rasa aiki. Wanda zai yabi gidan Tata ya haɗa da waɗannan.

Yanzu a dubi namu. An rattaba hannu da kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet a 1979, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashin Ajaokuta a 1980, zuwa 1994 aka ce aiki ya kai kashi 98 cikin 100. Har yau ba a taɓa kunna babban tanderun ba. Wasu na ɗora laifin a kan fasahar Rasha, ni kuwa ban yarda ba. Rashawan nan su ne suka gina wa Indiya masana'antar Bhilai, aka kunna tanderunta a 1959, kuma tamar da take ci ita ce ta Dhalli da Rajhara da gidan Tata suka bari, bayan an kai mata dogo da ruwa da kwal. Tana aiki har gobe. Namu ciwon a wajen katangar masana'antar yake. Tamar Itakpe, wadda Ajaokuta za ta ci, ƙarfen da ke cikinta bai fi kashi ɗaya cikin uku da 'yan kai ba, sai an niƙa an tace kafin ta shiga tanderu. Kwal ɗin Inugu ba ya gasuwa, na Obi a jihar Nasarawa yana gasuwa amma toka ta yi masa yawa, don haka sai an shigo da wani ta ruwa. Layin dogon da zai haɗa Itakpe da Ajaokuta da Warri, wanda aka fara a 1987, sai a 2020 aka ƙaddamar da shi. Kamfanonin mulmula ƙarafa na Katsina da Jos da Osogbo an gina su ne su riƙa karɓar sandunan ƙarfe daga masana'antar Aladja da ke jihar Delta, da can ya tsaya sai suka zauna jiran kaya. An kuma riga an gwada danƙa wa ɗan kasuwa: a 2004 aka ba wani kamfani mai alaƙa da Indiya, a 2008 aka soke, aka shiga shari'a, a 2022 Najeriya ta amince ta biya dala miliyan 496 don a rabu lafiya.

Sakamakon yana gabana kullum. Mafi yawan rodin da muke sayarwa daga gwangwan yake, abin da 'yan jari-bola suka tsinto, aka loda a tirela zuwa Legas da Ogun aka narke. Narka tsohon ƙarfe sana'a ce ta halal, duniya duka ana yi, kuma akwai masu yin sa da kyau. Amma akwai wanda magini zai lanƙwasa ya ji ya ƙarye a hannunsa, akwai wanda aka rubuta masa milimita 12 in ka sa ma'auni bai kai ba. Ni nakan mayar da irin wannan, sai dai na san wani zai saya ya zuba a rufin kankaren da mutane za su kwana a ƙarƙashinsa. Yaran da na koyar kuma, masu hannu da kai, da yawansu walda suke yi a bakin titi, wasu acaɓa.

Saboda haka roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne duk ranar da aka sake kiran 'yan jarida a ce an samu mai zuba jari a Ajaokuta, kada wakilinku ya tsaya a kan adadin daloli da hoton musabaha. Ya tambaya daga ina kwal mai gasuwa zai fito, ta wace tasha, kuma wa zai biya dakonsa. Ya je Itakpe ya gani da idonsa ko injinan tace tama suna juyawa, da tan nawa suke fitarwa a wata. Ya tambayi gwamnati ko ta ɗauki alkawari a rubuce cewa layukan dogon da take shimfiɗawa da ƙarfen gida za a yi su, da kuma ko za a buɗe wa talaka ƙofar sayen hannun jari. Ya nemi sanin samari nawa ake horarwa yanzu da za su karɓi tanderun, tunda waɗanda aka tura Rasha da Indiya koyo a shekarun 1980 sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. In kun buga amsoshin, ni zan karanta wa 'yan rumfarmu da bakina.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon malamin aikin ƙarfe,
Kasuwar Ƙofar Ruwa, Kano.